Iskar Gabas: Musayar Waƙa Kan Guguwar Farkon Damina

Baba Manomi, daga wani ƙauye a ƙasar Gumel:
Salamu alaikum 'yan zaure. Bazara ta yi nisa, hadari ya fara haɗowa. Ga nawa baitukan, amsa-amon "wa" ne, mai iyawa ya ɗora.

Da sunan Allah nake buɗe baki,
Mai mulkin iska, ruwa da tsawa.

In zafi ya ƙure, gabas ta yi ja,
Kaji su nufi akurki, ƙura na tasowa.

Mata na kwashe shanya da sauri,
Yara daga kiwo suna gudowa.

Kafin ɗigon fari ya taɓa ƙasa,
Darni ya kwanta, jinka na yayewa.

Kwanon rufin da na sai da bijimi na saya,
A gonar maƙwabci na je tsintowa.

Na ɗora duwatsu da tsohuwar taya,
Duk da haka ido ba ya rufuwa.

Tun ina saurayi har ga furfura,
Mu kafa, ta tuge, mu sake kafawa.

Inna, daga Madarunfa:
Baba, sannu da jimami, Allah ya mayar da alheri. Kai kukan ɗaki kake, mu namu na gona ne.

Ka shuka gero a ruwan farko,
Kwana kaɗan tsiro na leƙowa.

Sai iska ta ɗebo rairayi,
Ta yanke ganye, ta bi shi da binnewa.

Sai maimai in iri ya rage a rumbu,
In babu, a bi gari ana rantowa.

A shekarun 1980 ƙasar Maraɗi,
Aka fara barin kututture na tohowa.

Sassabin zamani muke ce masa,
A rage rassa, a bar mai miƙewa.

Gawo na zubar da ganye da damina,
Ba ya hana gero ranar girmawa.

Yau in iska ta taso tana samun birki,
Kafin ta iso kunya ta fara gazawa.

Kafinta, daga Azare:
Baba, a yi mini afuwa, laifin ba na kwano ba ne shi kaɗai. Mun ga abin da guguwa ta yi wa garin Bauchi a watan Yunin 2018, kuma da yawan rufin da ke tashi, aikin ne ba ya da ƙwari tun farko.

Iska ba ta danna rufi ƙasa,
Ta ƙarƙashin baki take shigowa.

Ta cika ɗaki, ta tura sama,
Katako da ƙusa su tafi ba tsayawa.

A ɗaure katako da langalanga,
A binne ta a bango tun ana ginawa.

A sa ƙusa mai hula kusa da kusa,
A ɗaga bango ya rufe bakin kewayewa.

In hadari ya taso a rufe ƙofa,
Da tagar gabas, kar a bar ta buɗewa.

Mai gida na cewa a rage kuɗin aiki,
Baɗi ya dawo yana sake biyawa.

Tsohon Magini, daga Daura:
Yaro, ka faɗi gaskiyar sana'arka, bari in faɗi tawa.

Ban taɓa ganin soro ya tashi sama ba,
Azara da ƙasa ba sa ɗaguwa.

Bangon gabas shi ke shan duka,
Shi muke wa yaɓen makuba kafin ruwa ya fara saukowa.

A gyara indararo, a yi yaɓe da rani,
Wanda ya yi sake zai ga zubewa.

Amma ina giginyar da za a tsaga?
An sare ta, ba a sake dasawa.

Shi ya kai mu ga kwano mai sauƙin ɗauka,
Mu mun ji sauƙi, iska ma na ɗaukewa.

Malama, daga Tawa ta Nijar:
Iyayena, ku ba ni wuri in sa baki. A kwarin Majiya da ke jiharmu, tun 1975 aka fara dasa dogon yaro layi-layi don tare iska, har yau manoma na cin moriyarsa.

Layin itace a gicciye wa iska,
Bayansa gero na tsayuwa.

Amma kar a dasa shi jikin ɗaki,
Reshensa na karyewa, yana kashewa.

A ba shi tazara gabas da gida,
Ya karɓi duka kafin ta ƙarasowa.

Baba Manomi:
Na ji ku duka, Allah ya yi albarka. Kafinta, bana langalanga za ta shiga bangona. Malama, ga inda gizo ke saƙa:

Na sha dasa dogon yaro gabas da gida,
Rani na yi, awaki na cinyewa.

Ruwan rijiya da nisa, jikoki na boko,
Wa zai yi ban-ruwa har ya kai ga kamawa?

Inna:
Baba, kada ka dasa da rani.

Bari sai ƙasa ta jiƙu a Yuli,
Ka dasa, damina ta yi maka shayarwa.

Ka kewaye shi da ƙayar magarya,
Akuya ta zo ta juya ba taɓawa.

Ruwan alwala da na wankin kwanuka,
A zuba masa in rani ya zo da ƙonawa.