Maɓallan PyCharm sun daina aiki tun da na koma Ubuntu, a taimaka min

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwamfutata ThinkPad ce tokumbo da Yayana ya bar min lokacin da ya tafi bautar ƙasa. Da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, na so in hau Windows 11, aka ce injin ba ta da TPM 2.0, wato guntun tsaro da Windows 11 ke buƙata. Kuɗin sabuwa kuwa babu, ga haya, ga kuɗin makarantar ƙanwata. Shi ya sa na ɗora Ubuntu 24.04, wani nau'in Linux. Yanzu ina haɗa wa wani mai shagon magani manhajar lissafin kaya da Django (tsarin gina manhajar yanar gizo da Python), ya biya rabi, kullum sai ya kira. Matsalar ita ce a PyCharm, manhajar da nake rubuta kod da ita, na saba da Ctrl+Alt+Left don komawa inda na baro a cikin kod. Yanzu da na danna sai allon gaba ɗaya ya zame zuwa wani workspace, wato wani filin aiki daban. Na bi wani bayani na sauya wasu abubuwa, yanzu Caps Lock ma ta rikice. Wallahi barci ya ƙaurace min.

Injiniya Babba: Wa alaikumus salam. Ƙanena, cire GNOME ɗin nan, wato fuskar allon da Ubuntu ke zuwa da ita, ka sa i3, manhajar jera tagogi da maɓallai. Mai rubuta kod na gaske ba ya taɓa linzami. Fayil ɗaya ne, ka rubuta maɓallanka yadda kake so, magana ta ƙare.

Maman Khalil: Wane bayani ka bi, wane umarni ka buga? GNOME ce ta riƙe Ctrl+Alt+Left don sauya workspace, tana cafke shi kafin ya kai ga PyCharm. Shiga Settings na PyCharm, a Keymap ka zaɓi GNOME. In kuma da xmodmap, umarnin sauya aikin maɓallai, ka taɓa Caps Lock, ba ya aiki yadda ya kamata a Wayland, sabon tsarin nuna allo, kuma Wayland Ubuntu ke buɗewa da shi. GNOME Tweaks ake amfani da shi.

Ɗan Fagge: Na gode Hajiya, amma ba na son sauya Keymap. Hannuna ya riga ya saba da na Windows, in na sauya aikin zai ƙara jan ƙafa. Umarnin kuma ban riƙe ba, da dare na yi.

Na Zariya: Ni abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya Ctrl+C ne a terminal. Na zo kwafar saƙon kuskure, sai na kashe sabar ana tsakiyar nuna wa oga aiki. Ashe Ctrl+Shift+C ake dannawa. Oga bai saurari bayani ba, ya zaftare min alawus. Har yau ban huce ba.

Injiniya Babba: Matsalar workspace ɗin ba ta faruwa a i3. Hajiya, Tweaks na masu koyo ne. Kuma Ɗan Fagge ya mayar da Caps Lock ta zama Esc ya koyi Vim, editan rubutu da ake sarrafawa da maɓallai.

Maman Khalil: Injiniya, i3 a X11, tsohon tsarin nuna allo, yake gudana, sai ya fita daga Wayland tukuna. Mutumin da ake jiran aikinsa za ka ɗora wa koyon Vim? Ɗan Fagge, fara buga dconf dump / > ajiya.txt ka adana saitinka, sannan gsettings reset-recursively org.gnome.desktop.wm.keybindings. Bayan nan ka cire Ctrl+Alt+Left kaɗai, ka bar Super+Page Up.

Bazamfare: Ku bar wahalar da yaro. Ya koma Windows 10 ya sa WSL2, mai gudanar da Linux a cikin Windows. Ni ma ina da tambaya, ta yaya zan riƙa buga ƙ da ɗ ba tare da na sauya allon rubutu da Super+Space kowane lokaci ba?

Ɗan Fagge: Windows ɗin da ba ta samun gyaran tsaro zan ɗora bayanan shagon mutane? A'a. Reset ɗin kuma ina tsoro, akwai maɓallan da na tsara da kaina don jera tagogi gefe da gefe, ba na son su tafi.

Maman Khalil: Ai shi ya sa na ce ka fara adanawa.

Injiniya Babba: Turo min lambarka, zan ba ka config ɗina na i3.

Ɗan Fagge: An ɗauke wuta, batir saura kaɗan. Mai shagon ya sake kira. Babu wanda ya san hanyar da ba sai na yi reset ba?