Hoton eko (sikanin zuciya) a ciwon amiloid na zuciya: wane awo ne ke nuna inda mara lafiya ya dosa?

Likitan zuciya, Ikeja: Assalamu alaikum 'yan uwa. Rai dai a hannun Allah yake, amma dangin mara lafiya kan tambaye mu abin da muka hango. Idan amiloid, wato wani gurɓataccen furotin, ya taru a naman zuciya, wane awo kuka fi yarda da shi? Ni ba na sakin jiki da EF, wato kason jinin da ɗakin hagu na zuciya ke fitarwa a kowane bugu. Bangon zuciya ya yi kauri, ɗakin hagu ya tsuke, sai ka ga EF 55% alhali jinin da ke fita a kowane bugu bai taka kara ya karya ba. Ku raba jinin bugu ɗaya da faɗin jikin mutum. In ya gaza 35 ml/m² zuciyar ta fara gajiya, kuma a nau'in AL (amiloid na furotin da wasu ƙwayoyin ɓargo ke fitarwa) ƙasa da 33 yana tafiya da gajeren kwana.

Mai ɗaukar eko, Idi-Araba: Wa alaikumus salam Likita. Gaskiya ne, sai dai wajen auna faɗin mafitar jini ta ɗakin hagu lissafin ke lalacewa. A ƙara girman hoton, a tsayar da shi a tsakiyar matsewar zuciya, a auna daga gefen ciki zuwa gefen ciki. Ana ninka faɗin da kansa, a ninka da 0.785, sannan da VTI, wato nisan da jinin ya tafi a bugu ɗaya. Wanda ya rubuta santimita 2.2 a maimakon 2.0 ya ƙara wa mara lafiya kashi 21 cikin 100 na jinin da ba shi da shi. Da yawansu kuma bugunsu a hargitse yake, don haka a ɗauki matsakaicin bugu biyar ko fiye.

Likita, Obalende: Malama, ki ƙara da GLS, wato awon yadda naman zuciya ke tsukewa a tsawonsa, in na'urar tana yi. Mai lafiya kan ba da kamar -18 zuwa -20%. A amiloid gindin zuciya da tsakiyarta ke fara sanyi, tsinin ya ci gaba da aiki. Wannan fasali na taimakawa a gane ciwon, amma jimillar lambar ce ke nuna haɗari: tana matsowa sifili, kwana na raguwa. Hoto ya kasance 40 zuwa 80 a daƙiƙa, kar a yanke tsinin, a faɗaɗa layin da na'ura ke bibiyar motsin bango da shi ya rufe kaurin bangon duka. In za a maimaita bayan wata shida, a koma na'urar farko, don kamfanoni kan sha bamban.

Likita, Agege: Matsalarmu a Legas kafin a kai ga hasashe ma take. Dattijo ya zo da kumburin ƙafa, bango milimita 15, sai a ce hawan jini ne a sallame shi. Ku haɗa da ECG, awon lantarkin zuciya: bango mai kauri amma layukan ƙanana, abin zargi ne. Ku tambayi mutuwar yatsu a hannu biyu. Sauyin gado na V122I, mai jawo amiloid nau'in ATTR (na wani furotin da hanta ke yi), daga Afirka ta Yamma ya samo asali, yana jikin kashi 3 zuwa 4 na baƙaƙen Amurka. Ɓangaren dama ma a duba: TAPSE (nisan motsin bakin ƙofar ɗakin dama a kowane bugu) ƙasa da milimita 17, ko ruwa kewaye da zuciya, ba alamar alheri ba ce.

Likitar jini, Surulere: Ranku ya daɗe, eko shi kaɗai ba ya yanke matakin da ciwon ya kai. A nau'in ATTR ana duba NT-proBNP (gwajin jini mai nuna wahalar zuciya) sama da 3000 da eGFR (awon aikin ƙoda) ƙasa da 45. Wanda ya haɗa biyun shi ne mataki na uku. Kafin komai a cire AL da gwajin jini da fitsari, domin shi ba ya jira, watanni kan isa a rasa mutum.

Likitan zuciya, Ikeja: Na gode Hajiya. Wanda jinin bugunsa ya yi ƙasa, saurin bugu ne ke riƙe da shi, don haka a yi hattara da magungunan rage bugu irin su bisoprolol, verapamil da digoxin.