Motar Formula 1 atomatik ce? Rigimar da ta tashi a zauren 'yan gidan kallo

Ɗan Gaba: Salamu alaikum jama'a. Yau sai na amayar da abin da ke raina ko da za a cire ni daga zauren nan. Jiya Lahadi mun biya kuɗinmu don kallon ƙwallo, sai wasu yara suka sa mai gidan kallo ya juya mana babbar talabijin wai za su ga tseren Formula 1. Motoci na ta zagaye wuri ɗaya, ba gola ba raga. Abin da ya fi ƙona min rai wai a kira waɗannan 'yan wasa. Wane wasa? Mota ce atomatik, kwamfuta ke tuƙa ta, injiniyoyi na zaune gaban allo suna danne-danne, direban ɗan rakiya ne kawai. Kamfanin da ya fi kuɗi shi ke ɗaukar kofi. A 2023 Red Bull ta ci tsere 21 cikin 22. Wannan gasa ce? A dawo mana da kuɗinmu.

Oga Mai Gareji: Wa alaikumus salam. Batun kuɗinka tsakaninka da mai gidan kallo ne. Amma wannan "atomatik" da ka jefo ba za ta wuce ta gabana ba. Atomatik ita ce wadda za ka sa a D ka taka totur, mota ta riƙa zaɓar giya da kanta. Ta Formula 1 giya takwas ce ta gaba da ribas ɗaya, kuma kowacce direba ne ke sa ta. Akwai 'yan maɗannai biyu a bayan sitiyari, ya ja na dama giya ta hau, ya ja na hagu ta sauka. In bai ja ba, ba ta canzawa. Tun 2004 aka haramta wadda ke canza kanta.

Ɗan Gaba: To Oga, ina kuloci? Feda biyu ne kawai a ƙasa, totur da birki. Motar da ba ta da kuloci a ƙafa sunanta atomatik, ko a Kano ko a Monako.

Oga Mai Gareji: Kuloci na nan, a hannu yake, shi ma bayan sitiyari. Da shi ake tashi in fitilun nan biyar na fara tsere sun mutu, da kuma in za a fita daga wurin canjin taya. Ka sake shi da gaggawa taya ta yi ta juyi a banza, ka yi nawa a wuce ka.

Baba Direba: Ni dai na tsufa a kan hanyar Kano zuwa Legas. In hannunka bai kama sandar giya ba, ƙafarka ta hagu tana hutu, atomatik kake ja. Yaron nan ya yi gaskiya a wannan gaɓar.

Injiniya Ƙarami: Baba, a gafarce ni, ƙafar hagu ce ta fi kowa shan wahala a motar nan, don da ita suke taka birki. Kuma ƙarfin ƙafa ne zalla, a kwana mai tsanani sai mutum ya danna da nauyin da ya haura kilo 100. Faifan birkin na kabon ne, zafinsa na kaiwa digiri 1,000. Ba su da ABS, wato na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki, tun 1994 aka hana. In ka danne ya wuce kima taya ta kulle, ka ga hayaki ya tashi, gefe ɗaya na tayar ya goge, daga nan sitiyari ya riƙa karkarwa a hannunka har sai an canza ta. Batun giya kuwa, Oga rabin gaskiya ya faɗa. Direba ke ba da umarni, amma ba hannunsa ke tura haƙoran giyar ba. Yana jan maɗannin saƙo zai tafi ƙwaƙwalwar motar, ita kuma ta sa matsin mai ya tura giyar kafin ƙiftawar ido. Shi ya sa ake ce mata rabin atomatik. Ferrari ce ta fara kawo ta a 1989, Nigel Mansell ya ci tseren farko da ita a Brazil.

Ɗan Gaba: Alhamdulillahi! Rabin atomatik. Kun ji daga bakin ɗan boko. Na gode ƙanina.

Oga Mai Gareji: Ni ne na faɗi rabin gaskiya? Kai yaro, lokacin da nake sauke giya in baje ta a kan buhu ko firamare ba ka shiga ba. Kun iya karatu a waya, a miƙa muku sifana ku rasa ta ina ake kama ta.

Injiniya Ƙarami: Oga, ba raini ba ne wallahi. Cikawa na yi.

Oga Mai Gareji: Ka cika wa malaminku.

Baba Direba: Ku makanikai ma ai ba ku da bakin magana. Mota ta zo da ciwo ɗaya ta fita da uku.

Oga Mai Gareji: Baba, don girmanka zan yi shiru. Amma direban da ke jan mota da jar fitilar mai a kunne ba makaniki ne ya kashe masa inji ba.

Mai Lamba 44: Ku bar wannan. Ɗan Gaba ya ce injiniyoyi ke tuƙa motar daga kan allo, kuma babu wanda ya tanka. Ba haka ba ne. Motar na aika musu bayanai, zafin taya, zafin birki, matsin mai, komai suna gani. Amma su ba su da ikon taɓa ko maɓalli ɗaya daga nesa, tun 2003 aka rufe wannan ƙofar. Iyakarsu su faɗa wa direba ta rediyo, shi ya murɗa da hannunsa yana gudun sama da kilomita 300 a awa. Ƙwaƙwalwar motar ma iri ɗaya ce a duk motocin tun 2008, don kada wani ya ɓoye abin da ke hana taya sulɓi. A da kam an yi abin da kake faɗa. Motar kamfanin Williams ta 1992 da 1993 kwamfuta ke daidaita tsayinta daga ƙasa a kowace kwana, shi ya sa aka soke irin wannan a 1994. Kuma duk da haka mutum ɗaya ya ci kofin duniya bakwai. Lewis Hamilton. Wannan hannu ne.

Max Na Arewa: Hhhh na san nan za ka sauka. Shida daga cikin bakwai ɗin a Mercedes ya ci, lokacin da injinta ya fi na kowa. Ka manta Disambar 2020 a Bahrain? Hamilton ya kamu da korona, aka ɗauko George Russell daga Williams da ke can ƙasan teburi, aka sa shi a motar. Ya fito na biyu a gwajin da ke tsara jerin tashi, ya jagoranci tseren, ba don an rikita masa tayu a wurin canji ba kuma ya yi faci, da ya ci. To mota ce ko hannu?

Ɗan Gaba: Ka ji ko! Abin da nake faɗa tun ɗazu kenan.

Max Na Arewa: A'a malam, kar ka jingina da ni. Ta Hamilton nake magana. Ta Max Verstappen, direban Red Bull, daban ce. A wannan 2023 da ka kawo, shi ya ci 19, abokin aikinsa Perez da mota iri ɗaya ya ci biyu. In kwamfuta ce ke tuƙi me ya hana ta tuƙa ta Perez?

Mai Lamba 44: Wato in naka ya ci hannu ne, in nawa ya ci mota ce. Ka fara biyan bashin Abu Dhabi 2021 tukuna, tseren ƙarshe da Verstappen ya ƙwace kofi daga hannun Hamilton. Cikin motocin da aka riga aka zagaye, an bar biyar kawai suka wuce motar tsaro, wadda ke rage wa tsere gudu in an yi haɗari, aka saki tsere zagaye ɗaya, naka da sabbin tayu nawa da tsofaffi. Ba da jimawa ba aka sauke Michael Masi, wanda ya ba da wannan umarni, daga kujerar shugabancin tsere. Me ya sa aka sauke shi?

Max Na Arewa: Kofin na ɗakinsa dai. Ka kai ƙara.

Mai Lamba 44: Kofin sadaka.

Anti Malama: Don Allah ni tambaya ce da ni, ba faɗa ba. An ce injin nasu lita 1.6 ne. Ya ake yi abu ƙarami haka yake wannan gudu?

Oga Mai Gareji: Yawwa Anti, ga tambayar masu hankali. Cikinsa bai fi na Golf ɗin tasha ba, amma silinda shida ne da turbo, kuma a dokar da aka bi daga 2014 zuwa 2025 an yarda ya juya har sau 15,000 a minti. Turbo na tura masa iska da ƙarfi, mai ya ƙone sosai. Kuma tun 2010 ba a ƙara mai a tsakiyar tsere, abin da ka ɗauka shi za ka lallaɓa har ƙarshe.

Injiniya Ƙarami: In Oga ya yarda in cika. Ba fetur kaɗai ba ne, akwai lantarki. Wata na'ura ce da ake kira MGU-K, haɗe da injin. In direba ya taka birki sai ta koma janareto, ta riƙe tayun baya ta cusa wuta a batir. In ya taka totur ta koma injin lantarki mai turawa, ta mayar da wutar. A waccan dokar ƙarfinta kilowat 120 ne, wajen doki 160, jimillar motar kuma wajen doki 1,000. Akwai ta biyu, MGU-H, a jikin turbo, mai tatsar wuta daga iskar salansa, amma dokar 2026 ta cire ta, ta ɗaga MGU-K zuwa kilowat 350, kusan rabin ƙarfin motar kenan. To da yake na'urar na riƙe tayun baya, tun 2014 birkin baya ta waya yake bi: direba ya taka, kwamfuta ta raba nawa janareto zai ɗauka, nawa faifai zai ɗauka. Na gaba kam daga ƙafa ne kai tsaye. Haka kuma inda wutar batir ke fita a zagaye, an tsara shi ne tun kafin tsere, direba yana zaɓar tsari ne a sitiyari.

Ɗan Gaba: Tsaya tsaya. Kwamfuta ke raba birki? Ashe birkin ma atomatik ne!

Oga Mai Gareji: Ka ga abin da cikawarka ta jawo mana.

Baba Direba: Na faɗa muku tun farko.

Injiniya Ƙarami: Rabawa take yi, ba takawa ba. Wurin da za a taka da ƙarfin da za a taka duk na direba ne. Ya makara da taku kaɗan sai bango.

Ɗan Gaba: Rabin atomatik a giya, rabin atomatik a birki. Ka haɗa rabi da rabi, ɗan boko, nawa kenan?

Max Na Arewa: Kai da ko keke ba ka iya ba.

Ɗan Gaba: A ina ka san ni da za ka ce ban iya keke ba? Shugaba ka gani ko, an fara zagi.

Shugaban Zaure: Ya isa haka jama'a, dare ya yi. Ga abin da aka cimma. An tabbatar motar ba atomatik ba ce, Oga Mai Gareji ya yi bayani gamsasshe kuma muna godiya. Injiniya ya yi ƙoƙari, sai dai a riƙa taƙaitawa kuma a riƙa girmama manya. An kuma tabbatar hannun direba ne ke cin tsere, hujja kuwa ita ce kofi bakwai na Hamilton, wanda da an yi adalci a Abu Dhabi da takwas ne. Batun Russell ba shi da alaƙa da abin da ake tattaunawa. Max Na Arewa, gargaɗi na farko kan zagi. Ɗan Gaba, ranar Lahadi mai zuwa ka zo da wuri ka zauna ta wajen ƙaramar talabijin. Na rufe sharhi sai da safe.