Su Wa Ake Yi Wa Finafinan 'Yan Ci-ranin Filifin?

Ɗan Gwale a Doha: Assalamu alaikum. Raina a ɓace yake tun daren Juma'a. Ina aiki a wani asibiti a nan tare da ma'aikatan jinya 'yan Filifin, kuma a ranar hutunmu na tara su da wasu 'yan'uwanmu Hausawa, na kunna mana Sunday Beauty Queen, wanda Baby Ruth Villarama ta ɗauka a Hong Kong. Babu 'yan wasa a cikinsa, masu aikatau ne na gaskiya da ke shiga gasar sarauniyar kyau ranar Lahadi, wadda ita kaɗai ce ranar hutunsu. Kafin a kai rabi namu sun fara dariyar kwalliyar matan, su kuma 'yan Filifin suka roƙe ni in mayar da mu kan Hello, Love, Goodbye, fim ɗin soyayya na kamfanin Star Cinema a kan 'yan ci-ranin Filifin a Hong Kong, wanda dukansu suka riga suka gani. Haka aka yi a ƙasarsu ma. A 2016 bikin finafinai na Manila, wanda ake buɗewa ranar Kirsimeti, ya fifita ayyukan masu zaman kansu, Sunday Beauty Queen ya zama gwarzon shekara, amma kuɗin shiga ya faɗi ƙwarai har aka koma wa manyan kamfanoni a shekarar da ta biyo. Na soyayyar kuwa ya tara fiye da peso miliyan 800 a 2019. Maganata ita ce, mai kallo ba ya son ganin halin da bayin zamani ke ciki sai an shafa wa labarin zuma.

Hajiya Uwar Biyu: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka janye kalmar bayi. Shekara 11 na yi ina aikatau a Jidda, da kuɗin na aurar da ƙannena biyu, na kuma rufa wa mahaifiyarmu asiri har ta koma ga Allah. Bawa ba ya karɓar albashi, ba ya kuma aika wa gida.

Malam Na-Zariya: Hajiya, Allah ya jiƙan Inna, amma kalmar tana da wurin zama. A Hong Kong dole mai aikatau ta kwana a gidan uwargijiyarta, kuma idan aka sallame ta kwana 14 kacal doka ta ba ta ta sami wani gida ko ta bar garin. A cikin fim ɗin ma akwai wadda aka kora saboda ta dawo gida a makare daga wurin gasar. A wasu ƙasashen Larabawa kuma tsarin kafala ya ɗaure zaman ma'aikaci da sunan wanda ya kawo shi. Mutumin da ba shi da ikon barin aiki ba tare da ya rasa matsuguni da izinin zama a lokaci guda ba, wane suna za a kira shi da shi?

Sarkin Kallo: Gwamnatin Filifin da kanta sababbin jarumai take kiransu tun zamanin Shugaba Corazon Aquino. Kuɗin da suke aikawa gida ya haura dala biliyan 30 a shekara. Wanda ya riƙe tattalin arzikin ƙasa ba za a zo nan a mayar da shi bawa ba.

Malam Na-Zariya: Wanda yake cin moriyar guminka ai dole ya yi maka kirari. Tun 1974, lokacin mulkin Shugaba Marcos, ƙasar ta mayar da tura ma'aikata waje manufar hukuma, amma ba a yi musu cikakkiyar dokar kariya ba sai a 1995, bayan da aka rataye wata mai aikatau 'yar ƙasar, Flor Contemplacion, a Singafo jama'a suka cika titunan Manila.

Sarkin Kallo: Malam, da girmanka, ka taɓa ƙetare Kwanar Ɗangora kuwa? Duk abin da kake kawowa karatu ne, alhali Hajiya a jikinta ta ji.

Malam Na-Zariya: Na yi aikin Hajji sau biyu, kuma ban san sai mutum ya nuna fasfo kafin ya faɗi abin da doka ta ce ba.

Baƙon Maraɗi: Kwana arba'in a masaukin alhazai daban yake da zaman gidan Balarabe. Ni na ga 'yan'uwanmu da ake kira Takari suna ɓuya idan sun hango askar, wato jami'an tsaron Saudiyya, kuma zan rantse cewa 'yar Filifin ta fi 'yar garinmu daraja a idon masu gida, domin ita ofishin jakadancinta yana bin kadinta. Saboda haka idan akwai bayi, a cikinmu za a neme su.

Hajiya Uwar Biyu: To kai ma ka sake maimaita kalmar. Mutanen da na zauna da su sun riƙe ni amana, har Umra suka kai ni.

Baƙon Maraɗi: Hajiya, gida ɗaya na kirki ba ya wanke gidaje dubu. Kullum aka taɓa Larabawa sai kin taso.

Hajiya Uwar Biyu: Ba Larabawa nake karewa ba, mutuncina nake karewa, kuma ban yarda yaron da na girme wa ya gaya mini dalilin tasowata ba.

Ɗan Gwale a Doha: Don Allah jama'a, a kan masu kallo na yi magana. Me ya sa fim irin Transit na Hannah Espia, wanda ya nuna 'yan Filifin a Isra'ila suna ɓoye 'ya'yansu don gudun kora, ya ci kyauta a bikin finafinai na Cinemalaya na 2013, amma abokan aikina ko sunansa ba su sani ba?

Sarkin Kallo: Kai ka fara zagin mutane, sannan kake neman a koma kan batu. Kuma su masu zaman kan nan don alƙalan Turai suke yin finafinansu. Ilo Ilo da ya ci kyauta a bikin finafinai na Cannes a Faransa a 2013, ai mutumin Singafo ne ya shirya shi, yana ba da labarin mai rainonsa 'yar Filifin daga ɓangaren masu gida.

Malam Na-Zariya: Cinemalaya a Manila ake yin sa, ba a Turai ba. A gyara.

Hajiya Uwar Biyu: Ƙanena na Doha, tunda ka tambaya bari in amsa maka, ko da yake har yanzu ba ka janye ba. A unguwar da na zauna akwai wata 'yar Filifin da muke haɗuwa wurin zubar da shara, ta bar yara uku a hannun kakarsu, kuma ƙaramin bai san fuskarta ba sai a waya. Duk wata tana tara sabulu da cakulan da takalma a cikin babban kwali, sai ya cika ta aika. Macen da ta yi kwana shida tana wanke banɗakin wani, a rana ta bakwai ka zaunar da ita ka nuna mata wata tana wanke banɗaki, me ka ba ta? Ta san wannan fiye da mai kyamarar. Abin da take nema na awa biyu shi ne ta ga irinta an so ta, an tsaya an saurare ta. Ni ma a lokacin finafinan Kano na soyayya nake kallo a ɓoye bayan masu gida sun yi barci. Waɗanda ya kamata ka tara ka nuna wa Sunday Beauty Queen su ne masu ɗaukar 'yan aiki da 'ya'yan da ake aika wa kuɗin. 'Yan'uwanmu da suka yi dariya kuwa, su ya kamata ka yi wa faɗa.

Baƙon Maraɗi: Ashe dai kin yarda akwai wahala.

Hajiya Uwar Biyu: Wahala daban, bauta daban.

Mai Kula da Zaure: Dare ya yi, zan taƙaita. Ɗan'uwanmu na Doha ya kawo koke, amma ya yi amfani da kalmar da ba ta dace ba, kuma kusan kowa ya yarda da hakan. Hajiya, wadda ita kaɗai ce ta yi aikin da hannunta, ta nuna cewa aikatau sana'a ce mai mutunci, Sarkin Kallo kuma ya kawo alƙaluma masu ƙarfi. Malam Na-Zariya ya karanto wasu dokoki na ƙasashen da bai zauna ba. Batun Takari ba ya cikin abin da aka taru a kai. Ina roƙon mai koke ya nemi afuwar Hajiya kafin safiya.

Malam Na-Zariya: Mutum uku daga cikin biyar ba su janye kalmar ba, a rubuta hakan ma.