Neman kalma: me za mu kira "hikikomori" da Hausa?

Mai Fassara:
Salamu alaikum 'yan zaure. Kalmar nan ta Japananci, hikikomori, tana yawan fitowa a labaran Japan, kuma ban ga mun tsayar mata da suna ɗaya ba. Mutum ne zai daina zuwa makaranta ko aiki, ya yanke hulɗa da abokai, ya zauna gida wata da watanni, wani ma shekaru. Ba ƙaramin abu ba ne a can: ƙiyasin da gwamnatinsu ta fitar a 2023 ya kai mutum miliyan 1.46 tsakanin shekara 15 zuwa 64, kusan biyu cikin kowane ɗari. Uku nake juyawa: kaɗaici, killace kai, kulle. Wacce za mu ɗauka?

Malam Habu:
Wa alaikumus salam. Mu fara fasa kalmar mu ga cikinta. Gaɓa biyu ce: hiku, wato ja, sai komoru, wato shigewa wuri a zauna ciki. Wani likitan ƙwaƙwalwa, Saito Tamaki, shi ya yaɗa ta a 1998. Kuma su Japanawa da kalma ɗayan nan suke kiran halin, da ita suke kiran mutumin. Mu Hausa ba ta yarda da haka, sai mun samo na hali daban, na mai hali daban.

Kaɗaici a cire ta. Abu ne da ake ji a zuci, mutum na tsakiyar kasuwa kaɗaici ya dame shi. Su ma suna da tasu kalmar, kodoku, har minista suka naɗa mata a 2021.

Dakta:
Malam Habu ya yi daidai. Killace kai ma ba za ta yi ba. Korona ta riga ta cinye kalmar: likita ne ke cewa a killace, saboda cuta mai yaɗuwa, kuma da ranar fita, kwana 14. Nan babu ko ɗaya cikin ukun.

Ga ma'aunin ma'aikatar lafiyarsu na 2010, don mu san abin da muke raɗa wa suna: guje wa makaranta, aiki da abota a wajen gida, tare da zama a gida galibi, har wata 6 ko fiye. Sun kira shi hali, ba su kira shi cuta ba, ko da yake sau da yawa akwai ciwon damuwa ko matsanancin tsoron mutane a ƙarƙashinsa. Abin da mutane ba su sani ba shi ne binciken gwamnati ya kasa su mataki huɗu. Akwai mai fita don abin sha'awarsa kawai. Akwai wanda iyakarsa shagon unguwa, irin waɗanda ba sa rufewa dare da rana, ya je ƙarfe biyun dare ya sayi abinci ya biya ba tare da ya ɗaga ido ba. Akwai mai fitowa daga ɗaki amma ba ya ƙetare ƙofar gida. Sai na ƙarshe, wanda ko ɗakin da ƙyar yake bari, uwa ta ajiye tire a bakin ƙofa, ta dawo ta tarar da kwano. Wannan na ƙarshen shi ake haskawa a talabijin, amma su ne mafi ƙaranci. Duk kalmar da ta dogara da ɗaki ko makulli za ta bar mafi yawansu a waje.

Alaramma:
To me ya hana halwa? Mutum ya shige ɗaki ya rabu da jama'a, ai mun san shi tun kaka da kakanni.

Malam Habu:
Allah ya gafarta Malam, mai halwa da niyya ya shiga, da adadin kwanaki, yana neman wani abu wajen Ubangiji, kuma in ya fito girmama shi ake yi. Wannan kuwa gudu ya yi, kuma iyayensa ɓoye shi suke yi. In muka ce halwa mun sa masa rawanin da bai nema ba.

Ɗan Kwari:
Ku daina kewaye-kewaye. Ƙato ɗan shekara 45 yana kwance uwa na dafa masa, yana buga wasan kwamfuta. Ci-ma-zaune sunansa. In kuna son mai taushi, zaman kashe wando.

Baban Khalifa:
Ɗan'uwa, abin da ka faɗa shi ne daidai abin da maƙwabta ke faɗa a Japan, kuma shi ne ke ƙara tura mutanen nan ciki. Mai zaman kashe wando ai a majalisa za ka same shi, ƙarƙashin bishiya, ya fi kowa surutu. Aiki ne ba shi da shi, jama'a kuwa yana da su. Wannan jama'ar ce ba ya iya fuskanta.

Dubi yadda ƙofa take rufewa a can. Manyan kamfanoni sun saba ɗaukar sababbin ma'aikata sau ɗaya a shekara, kai tsaye daga jami'a. Ɗalibi na neman aiki tun kafin ya gama, ya fara a watan Afrilu tare da tsaransa. Wanda wannan jirgi ya bari, ko ya sami giɓin shekara biyu a takardar tarihin aikinsa, sai dai ya yi ta faɗi-tashi a aikin wucin gadi. Da tattalin arzikinsu ya karye a farkon shekarun 1990, kamfanoni suka tsuke ɗaukar ma'aikata kusan shekara goma, daga wajen 1993 zuwa 2004. Su da kansu "zamanin ƙanƙara" suke kiran lokacin. Waɗanda suka gama karatu a tsakanin nan su ne 'yan 40 da 50 na yau. Shi ya sa binciken 2016 ya ƙirga 541,000 tsakanin shekara 15 zuwa 39, aka ɗauka matsalar samari ce, sai na 2019 ya leƙa 'yan 40 zuwa 64 ya tarar da 613,000. Manyan sun fi yawa.

Wasu tun daga makaranta abin ke somawa. Yaro ya sha tsangwama a aji, ya daina zuwa. Suna da suna ga wanda ya yi fashin kwana 30 ko fiye a shekara ba don ciwo ko talauci ba, futoko, kuma a shekarar karatu ta 2023 irinsu sun haura 340,000 a firamare da ƙaramar sakandare.

Sai kuma sekentei, wanda mu ba ma buƙatar a fassara mana: idon jama'a, "me mutane za su ce". Uba ya gwammace ya ce ɗansa yana aiki a wani gari da ya je ofishin taimako. A haka shekara 20 za ta wuce, iyaye su kai 80, ɗa ya kai 50, gida duka na cin fanshon tsofaffin. Sun sa wa wannan lamba, 8050. An sha samun gidan da tsohuwa ta rasu, ɗan ya zauna da gawa makonni saboda bai iya ɗaga waya ya yi wa baƙo magana.

Dakta:
Bari in ƙara a kan batun zagi, don ba wasa ba ne. Ranar 28 ga Mayu 2019 wani mutum ɗan shekara 51 ya far wa 'yan makaranta da wuƙa a tashar bas a Kawasaki, ya kashe mutum biyu, ya kashe kansa. Kafofin labarai suka yi ta nanata cewa hikikomori ne. Kwana huɗu bayan haka, a Tokiyo, wani tsohon babban jami'in ma'aikatar noma ɗan shekara 76 ya kashe ɗansa mai shekara 44, ya ce ya ji tsoron kada ya aikata irin na Kawasaki. Kotu ta ɗaure shi shekara 6. Ƙungiyoyin iyalai sun fito sun roƙi 'yan jarida su daina haɗa kalmar da kisa. Mu da za mu raɗa suna tun daga tushe, kada mu sa guba a cikinsa.

Hajiya Talatu:
Ku bar kulle ma, ko kuble kamar yadda mutanen Sakkwato ke faɗa. A kunnen Bahaushe kulle na matar aure ne, wani ne ya kulle ta, kuma ba abin kunya ba ne. Bayan haka ga dokar kulle ta 2020. Amma babbar damuwata daban ce. An daɗe ana ɗauka maza ne kawai, saboda mace in ta zauna gida sai a rubuta "tana taya aikin gida", shi ke nan ta ɓace daga lissafi. A binciken 2023, cikin 'yan 40 zuwa 64, mata sun ɗan haura rabi. In muka ce kulle, mai karatunmu zai ji labarin matar ya ce to mene ne a ciki. Makantar da suka yi shekaru kafin su farga ita za mu shigo da ita.

Malam Habu:
Hajiya kin kashe bakin kulle. To mu koma gaɓar farko, ja. Muna da janye jiki. "Ya janye jiki daga mutane." Babu zagi, babu tsarki, ba ruwanta da namiji ko mace, kuma ba ta ce dole sai ɗaki ba, don haka mai zuwa shago da tsakar dare ya shiga ciki.

Ɗan Kwari:
Ta yi sauƙi da yawa, Malam. Ni ma ina janye jiki daga mai yawan cin bashi. Ina shekara 20 a cikin wannan?

Malam Habu:
Nan kam ka yi gaskiya. Sai mu jingina ta da zama, yadda Hausa ke yi wa duk halin da ke ɗaukar lokaci: zaman makoki, zaman jego, zaman takaba. Zaman janye-jiki. Kalmar zama ita za ta ɗauki tsawon lokacin da zaman gidan. Mutumin kuma mai zaman janye-jiki, jam'i masu zaman janye-jiki. Kada a ce ɗan ko 'yan, kunne zai kai su layin 'yan daba da 'yan ƙwaya.

Mai Fassara:
Bari in gwada ta a jimla. "Tun 2009 gwamnatin Japan ta fara buɗe cibiyoyin tallafa wa masu zaman janye-jiki a jihohi da manyan birane." Ta zauna. "Ɗansu ya shekara 12 yana zaman janye-jiki." Ita ma ta zauna. A ambaton farko zan rubuta hikikomori, in bi ta da "wato zaman janye-jiki, yanke hulɗa da jama'a na wata 6 ko fiye", daga nan in ci gaba da ta Hausar. 8050 kuma "matsalar 80 da 50", don kada a karanta ta dubu takwas da hamsin.

Alaramma:
Ni dai har yanzu ta yi mini tsawo a baki, amma ban da wadda ta fi ta.

Baban Khalifa:
Tunda zaure bai tashi ba, akwai 'yar uwarta da za ku ci karo da ita a labari ɗaya: hikidashiya. Kamfanoni ne da iyaye ke biya maƙudan kuɗi, su zo gida da sassafe su fitar da mutum ko yana so ko ba ya so, su kai shi wani masauki da sunan gyaran hali. Wasu da aka yi wa haka sun kai ƙara kotu. Gaɓar farko ita ce dai hiku ɗin nan, dasu kuma fitarwa, ya ɗin ƙarshe mai sana'a. Ina ganin "masu finciko mutane", don janyowa ta yi musu ladabi da yawa. Malam Habu, me ka gani?