Neman shawara: rim mai inci 20 a kan Scion FR-S, zai rage mata gudu?

Mai tambaya: Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina da Scion FR-S ta 2015, wadda Toyota ta sayar da ita da sunan 86 a wasu ƙasashe, kuma har yanzu tana kan rim ɗinta na kamfani mai inci 17 da taya 215/45R17. Wani mai sayar da kayan mota a nan Abuja ya nuna mini rim masu inci 20 da taya 225/30R20, sun kuma burge ni ƙwarai, sai dai da na ɗaga guda ɗaya na ji hannuna ya faɗa mini wani abu. Mun ɗora a sikeli, nawa da tayarsa ya ba da kusan kilo 19, nasa kuwa kilo 25. Shi ya ce kilo shida ba komai ba ne ga motar da ta haura tan guda. Ina roƙon masu sani su fayyace mini kafin in biya kuɗi.

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam, Malam. Da a but za ka zuba wannan nauyi, da maganar mai kayan ta yi daidai, amma nauyin da ke juyawa hukuncinsa daban ne. Inji yana yin aiki biyu a kan kowace ƙafa: yana tura ta gaba tare da sauran motar, sannan yana juya ta, kuma gwargwadon nisan nauyin daga tsakiyar ƙafar, gwargwadon wahalar juyawar. Rim mai inci 20 yana kai mafi yawan ƙarfensa can gefe, inda ya fi tsada. Saboda haka kilo ɗaya a ƙafa yana zama kamar kilo ɗaya da rabi zuwa biyu a jikin mota, ba ya wuce haka, ko da yake za ka ji wasu suna cewa ninki goma ne. Kilo 24 ɗinka na ƙafafu huɗu zai zama kamar 36 zuwa 48 a motar da nauyinta bai wuce kilo 1,250 da wani abu ba.

Akwai kuma tsayin ƙafar. Tayarka ta yanzu tana da tsayin milimita 625, sabuwar kuwa 643, wato ƙarin kusan kashi 3 cikin 100. Wannan yana sa kowace giya ta ƙara tsawo, motar ta yi sanyin tashi, maleji kuma ya nuna 100 alhali kana kan 103. Injin FR-S lita 2 ne mai ƙarfin doki 200, kuma duk mai tuƙa ta ya san yadda take yin kasala a wajejen juyin inji 4,000 a minti, don haka ba ta da rarar ƙarfin da za ta ɓoye wannan asara kamar yadda mota irin Mustang mai babban inji V8 za ta iya.

Amsa ta biyu: Lissafin ɗan'uwa daidai ne, amma a ganina ba a saurin tashi babbar asarar take ba. Mujallar Car and Driver ta Amurka ta gwada wannan a 2010 da Volkswagen Golf, daga inci 15 har zuwa 19, kuma abin da ya ƙaru a lokacin kaiwa gudun mil 60 a awa bai kai rabin daƙiƙa ba, sai dai shan mai ya ƙaru da kusan kashi 10 cikin 100. Inda za ka ji canji a jikinka shi ne ƙarƙashin mota. Rim da taya da birki ba sa kan sifirin, su ne suke tsalle idan an taka rami, aikin shokobzoba kuma shi ne ya mayar da su kan kwalta da sauri. Ƙafa mai nauyi tana jinkirin dawowa, kuma a wannan ɗan lokacin tayar ba ta riƙe da hanya yadda ya kamata. A kan kwalta mai santsi ba za ka lura ba, amma idan ka shiga kwana da gudu ka haɗu da gargada a tsakiyarta, za ka ji bayan motar yana sauya wuri, sitiyari kuma ya yi nauyi a hannu. Wannan mota kuwa an ƙera ta ne saboda kwana, ba saboda miƙaƙƙiyar hanya ba.

Amsa ta uku: Ni bakanike ne, kuma zan yi magana kan abin da ake kawo mana gareji. Gefen tayarka ta yanzu yana da kaurin kusan milimita 97, na sabuwar kuwa 67 da rabi ne, wato kusan kashi ɗaya cikin uku na robar da ke kare rim ya tafi. Rami ɗaya mai kaifin baki ya isa ya lanƙwasa leɓen rim daga ciki, inda ido ba ya gani, sai mai mota ya riƙa ƙara iska kullum da safe yana zargin mai faci, ko kuma gefen tayar ya fito da ƙulu kamar ƙwai. Bayan haka boris da bushin da shokobzoba suna bin sahu ɗaya bayan ɗaya. Yawancin manyan rim masu araha narka alminiyam ake yi a zuba a mazubi, shi ya sa dole a yi su da kauri, kuma duk da kaurin sun fi saurin tsagewa a kan waɗanda aka ƙera da matsi.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya ƙara basira. To, ke nan babu halin in ƙara girman ko kaɗan? Na ga har motocin tsere na Formula 1 sun koma babban rim.

Amsa ta biyu: Gaskiya ne, sun tashi daga inci 13 zuwa 18 a 2022, amma ƙafafun sun ƙara nauyi, kuma an sake fasalin motocin gaba ɗaya domin su dace da su, abin da ba za ka yi wa taka ba. Halin ƙarawa yana nan idan ka tsaya a 18. Toyota da kanta ta sa 215/40R18 a kan GR86 ta 2022, motar da ta gaji 86, kuma tsayin wannan taya milimita 629 ne, kusan daidai da taka. Sharaɗin shi ne ka sake komawa sikeli, kada sabuwar ƙafa ta fi kilo 19 ɗinka. Idan tuƙi ne ya fi damunka ba kallo ba, rim irin Enkei RPF1 mai inci 17 yana wajen kilo 7 ba tare da taya ba, bai kai na kamfani nauyi ba, sauran kuɗin kuma ka zuba su a taya mai kyau, domin ita ce ke rage nisan tsayawa idan ka taka birki.

Amsa ta uku: Alhaji, kafin ka biya ka tabbatar ramukan kusoshin 5x100 ne, wato ramuka biyar a kan da'ira mai faɗin milimita 100, domin da yawa daga cikin manyan rim na kasuwa 5x114.3 ne kuma ba za su hau motarka ba sai da ƙarin faranti, wanda shi ma nauyi ne. Ka sa a gwada guda ɗaya a gaba, a murɗa sitiyari har ƙarshe ta kowane ɓangare, a duba ko tayar tana gogar jikin mota.