Tallafin karatu: a raba wa kowa ko a ware marasa hali?

Baban Khalifa, Ƙofar Sauri: Salamu alaikum. Ni dai a ganina, tallafin karatu da jihar Katsina ke bai wa ɗalibai bai kamata ya zama na kowa da kowa ba. In aka ba ɗan babban sakatare da ɗan mai tura ruwa kuɗi ɗaya, na farko kati zai sa a waya, na biyu kuwa ko rabin kuɗin rajista bai haɗa ba. A tattara a ba marasa hali abin da zai kai su ƙarshen zango.

Maman Ummi, Daura: Wa alaikumus salam. Malam, da wane ma'auni za a auna rashin halin? An gwada ai. Dokar tarayya ta rancen ɗalibai ta 2023 ta ce sai wanda kuɗin shigar gidansu bai kai naira 500,000 a shekara ba, kuma ya kawo masu tsaya masa biyu. A lokacin mafi ƙarancin albashi 30,000 ne. Ke nan masinja da matarsa mai shara a asibiti sun tashi da 720,000 a shekara, ɗansu ya fita daga layi, alhali ɗan kasuwar hatsi da ba shi da takardar albashi zai iya shigewa. Dokar da aka sake a Afrilun 2024 ta cire sharuɗɗan biyu.

Baban Khalifa: Hajiya, wancan bashi ne, ana fara biya shekara biyu bayan bautar ƙasa. Asusun rancen ɗalibai na NELFUND na iya buɗe wa kowa ƙofa tunda kuɗin zai dawo. Kyauta fa? A Amurka ma tallafin Pell da halin gida ake ba da shi.

Na Malumfashi: Can suna da bayanan haraji da za a duba. Mu nan manomi a watan kaka mai hali ne, a watan Yuli yana neman awo. Sai dai a haɗa alamu, kowace da makinta: maraici, yawan 'yan gidan da ke makaranta, ko sakandaren gwamnati yaro ya yi, ko gidansu ya yi gudun hijira saboda 'yan bindiga. Sannan a liƙa sunaye a mazaɓu 361 na jihar, a ba da mako biyu na ƙorafi kafin a biya.

Maman Ummi: Nan ne gizo ke saƙa. Da zarar takardar mai unguwa ko kansila ta zama sharaɗi, ta zama haja. Kuma wane uba zai so a liƙa sunan ɗansa a bango a ce gidansa ba hali? Masu rufin asiri ba za su nema ba, kuma su suka fi buƙata.

Na Malumfashi: To a liƙa lambar rajista ba suna ba. Kuɗin makaranta kuma ya tafi kai tsaye asusun jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko kwalejin Yusufu Bala Usman, na abinci ne kawai zai shiga hannun ɗalibi. Sai a lura: sunan da ke NIN da BVN da JAMB ya zama ɗaya. Muhammad a nan, Mamman a can, shi ke maƙalar da kuɗi.

Baban Khalifa: Na yarda da lamba. Amma Hajiya, wa zai zauna ya ba da makin?

Maman Ummi: Ba kansila ba dai.